Shekarar da Aka Ce Na Goge Hajiya Fulera

Na daɗe ina jin yadda kuke ba da labarin nan a tsakaninku, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Haruna yana gaya wa abokansa a Italiya wai uwarsa ta watsar da sana'ar da ta raine su saboda wani tsohon gilashi. Safiya kuwa da kunnena na ji ta tana faɗa wa 'yarta cewa taurin kaina ne ya shiga tsakanina da Yayata Asabe. Ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ni, alhali ina cikin gidan nan da raina da bakina. Shi ya sa na zaɓi in rubuta, don a rubuce ba mai katse ni.

Kun taso kun same ni ina ɗaukar hoto. Kawu Ɗantani, ƙanen mahaifiyata, shi ya koya mini tun ina budurwa, don ya lura akwai ɗakunan da namiji mai kyamara ba zai shiga ba: ɗakin lalle, ɗakin mai jego, ɗakin amarya kafin a lulluɓe ta. Ni kuwa ina shiga. Da haka na zama mai hoton matan Zongon Kumasi, har ya kasance da wuya a yanka yayin biki, wato atamfar anko, a unguwar nan ba a aiko mini da nawa ba.

Shekarar da nake magana ita ce wadda dumso, wato ɗauke-ɗauken lantarki, ya yi tsanani, wuta ta leƙo yau ta tafi har mutum ya manta kamanninta. Fitilun ɗakin hotona suka zama kayan ado. A shekarar ne kuma Haruna ya aiko mini da sabuwar kyamara, irin marar madubi a ciki, ƙarama, marar nauyi, wadda in ka sa ido a wurin leƙawa kake ganin hoton yadda zai fito tun kafin ka danna. Ita kyamarar ba ni da ƙorafi a kanta. Abin da ya zo maƙale a gabanta shi ne matsalar. Mu masu sana'ar lens muke ce masa, ku a gidan nan gilashi kuke cewa, to bari in bi ku. Gilashin nan mai jawo nesa kusa ne, kuma wai shi ke saita kansa da kansa. A tsakar gida da rana ba laifi. Amma shiga da shi ɗakin Zongo mai taga ɗaya, ita ma an rataya mata labule da sallaya, ga ba wuta, sai ya fara kai da komo, zuuu, zuuu, yana lalube kamar wanda ya tashi daga barci yana neman takalminsa. In ya ga dama ya tsaya a kan zanen atamfa, ko ɗan kunne, ko kalandar bango. Idon mutum dai, wanda shi na zo ɗauka, ba ruwansa da shi. Sai amarya ta gama murmushi, ta gaji, ta fara hamma, sannan ya ce ya shirya.

Na kira Haruna na gaya masa.

"Mma, ke ce ba ki saba ba tukuna," in ji shi. "Ki bar shi kawai, komai da kansa yake yi."

"Da kansa yake yi mana. Abin da yake so yake yi, ba abin da nake so ba."

"Mma, Turawa ma da shi suke aiki."

"Turawa suna da wuta," na ce masa, na kashe wayata.

Rannan ina neman wani abu a akwatin Kawu, Allah ya jiƙansa, sai na ci karo da gilashin tsohuwar kyamararsa ta fim, naɗe cikin wata hularsa. Ƙarfe ne zalla, gajere, da nauyi kamar an cika gwangwanin madara da yashi. Ba ya jawowa, ba ya turawa. In kana son kusa, ƙafarka ce za ta kai ka. Ba ya saita kansa. Da yatsu kake murza zoben jikinsa har abin ya zauna. Amma bakinsa in ka buɗe shi duka, haske kaɗan ya ishe shi, ko wanda ke shigowa ta ƙasan labule. Idona ne ya sa na ajiye shi tun farko, don a tsohuwar kyamara na daina gane ko saiti ya zauna ko bai zauna ba. Wani abokin sana'a ya gaya mini akwai zoben ƙarfe da ke haɗa tsofaffin gilasai da irin sabuwar kyamarar nan. Na sa aka kawo mini daga Accra, ya zo yana girgiɗi kamar haƙorin tsohuwa. Na hau trotro, motar hayarmu, na kai shi Suame wurin wani mai juya ƙarfe, ya jujjuya shi a hannu ya ce, "Maame, wannan na wace mota ce?" Sai da na yi masa bayani har maƙogwarona ya bushe kafin ya matse mini shi.

Da na ɗaura na leƙa, sai da na nemi kujera. Sabuwar kyamarar tana da wata dabara: duk inda saiti ya zauna, sai ta shafa masa jan ƙyalli a gefe-gefe. Kana murzawa, jan zai taso daga hanci, ya hau gashin ido, ya tsaya a ƙwayar ido, sai ka danna. Akwai kuma maɓallin da ke kumbura idon mutum ya cika allon. Abin da tsufa ya ƙwace mini, ga shi an dawo mini da shi a hannu.

Babanku na fara gwadawa da shi. Yana zaune a bakin taga yana tilawa bayan ya sallami 'yan makaranta, kun kuma san yadda yake karatu, yana rangaji gaba da baya. To gilashin nan in an buɗe shi duka, wurin da yake kamawa bai fi faɗin ɗan yatsa ba. Abin da ke gaba da wurin da abin da ke bayansa duk narkewa suke yi. Malam ya yi gaba ya fita, ya dawo ya shiga, ya yi baya ya sake fita.

"Malam, don Allah ka tsaya wuri ɗaya."

"Lami, tun ina yaro haka nake karatu. Yau saboda kwalbar kawunki zan canza?"

"To ka tsaya in ka kai ƙarshen aya."

Ya kai ƙarshen aya, ya ɗago ido don ya harare ni, na danna. Shi ne hoton da ke falo, wanda kuke nuna wa baƙi kuna cewa Baba yana cikin tunani mai zurfi. Harara ce. Da na nuna masa, ya duba ya ce, "Ina littattafan da ke bayana?" Na yi dariya. Ban san irin tambayar da za ta bi ni har ƙarshen shekara ke nan ba.

Bayan babbar Sallah aka sa bikin Zulai, autar Yaya Asabe, da ɗan Alhaji Mamudu, dillalin shanu da ke zaune a Buokrom. Uwar ango ita ce Hajiya Fulera, Bazabarma, doguwa, mai zane a kumatu, irin matan da in sun shigo ɗaki kowa ke gyara zama. Yaya ta daɗe tana tara wa Zulai kayan ɗaki, kwanuka jeri-jeri da kuloli da tukwane, cikin wani kabad mai gilashi da ta sa kafintan Anloga ya ƙera mata takanas. Ranar kai amarya wuta ba ta leƙo unguwarmu ba tun shekaranjiyarta, batiran filashi duk sun mutu, ga hadari ya haɗo ya rufe gari. Hotunan tsakar gida na ɗauke su lafiya, kowa ya fito da haƙoransa, kuma har yau ba wanda ya taɓa yin zancensu. Ɗakin amarya ne abin. Ya cika da mata, ga duhu, ga zafi, ga hayaƙin turare. Na gwada gilashin Haruna, ya fara zuuu ɗinsa. Na cire shi na ɗaura na Kawu, na zaunar da Zulai a bakin gado kusa da taga, na ce a ɗage labule. Sai Hajiya Fulera ta zo ta tsaya a bayanta, can jikin kabad.

"Hajiya, ki matso ki zauna kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa," na ce.

"Ni in zauna gado ɗaya da matar ɗana? A garinmu ba a yi. Nan zan tsaya."

"In kin tsaya nan ba za ki fito ba."

"Ina tsaye kina ganina, yaya za a yi ba zan fito ba? Ɗauka kawai."

Yaya ta zungure ni ta ce, "Lami, ki yi abin da Hajiya ta ce. Kuma ki tabbata kabad ɗin ya shiga."

Mata cike da ɗaki suka ji wannan magana. Daga baya ba wadda ta tuna. Kuma kafin wani mai ilimi a cikinku ya ce me ya hana in matse bakin gilashin don kowa ya fito, to da na matse shi a wannan duhun, da baƙin allo za a rataya a Buokrom.

Hoton ya fito, kuma zan faɗa ko a gaban wa: ban taɓa ɗaukar amarya kamarsa ba. Kwallin idon Zulai, ɗigon hawayen da ya maƙale a gashin idonta, lallen yatsanta a bakin mayafi, duk ga su tar. A bayanta kuwa kwanukan Yaya sun zama ƙwallayen haske masu taushi, Hajiya Fulera kuma ta zama wata doguwar inuwa shuɗiya, ɗankwalinta ya narke cikin bango. Na wanke shi babba, na sa a firam, na aika Buokrom tare da sauran. Sauran suka zauna. Shi kaɗai wani direban tasi ya dawo mini da shi, naɗe cikin tsumma, tare da saƙo cewa Hajiya ta gode, ta ga matsayinta a wurin dangin amarya.

Kun san Zongo. Kafin magana ta taso daga Buokrom ta iso layinmu ta yi 'ya'ya da jikoki. Wai Yaya ce ta sa ni. Wai don su Zabarmawa ne muke raina su. Wata ma ta rantse a gidan suna cewa ba a banza ake goge fuskar mutum ba, akwai abin da aka haɗa. Ni duk wannan bai hana ni cin tuwona ba. Abin da ya hana ni shi ne jin cewa Hajiya Fulera ta daina amsa gaisuwar Zulai, in ta kawo abinci sai a mayar mata da kwanon a rufe. Yarinya ko lallen ƙafarta bai goge ba.

Yaya ta faɗo gidan nan da hantsi, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Kin kashe wa 'yata aure da kwalba!"

"Yaya, kina wurin na ce matar nan ta matso."

"Ni ban ji ba koraa, ko kaɗan. Kuma ina kwanukana? Shekara da shekaru ina tarawa, kin mai da su kumfar sabulu. Sai a ce ba a kai ta da komai ba."

"Ai kwanukan suna ɗakin, kullum suna ganinsu."

"Danginsu na Yamai da za a aika wa hoton fa? Su ma suna ɗakin?"

Malam ya fito daga zaure da allo a hannu, ya ce mu ji tsoron Allah, yara suna jinmu. Ya ce hoto ba farilla ba ne, zumunci kuwa farilla ne, sannan ya koma ya bar ni da ita, kamar yadda ya saba in ya gama faɗin gaskiyar da ba ta kashe wuta. Yaya ta gindaya sharaɗinta: in jefa gilashin a kwata, in je Buokrom in durƙusa in ce na'urata ce ta lalace. Na ce zuwa zan je, amma ba zan ce ta lalace ba, don ba ta lalace ba. Ta ja mayafinta ta fita. Da la'asar Zulai ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa kamar daga cikin bargo.

"Anti Lami, wallahi ni ina son hoton. Amma a nan ba mai yi mini magana."

Washegari na rataya kyamarata, da gilashin Kawu kaɗai a jikinta, na tafi Buokrom. Na sami Hajiya Fulera a bakin ƙofar madafa tana yanka wagashi, cukun nan na nonon shanu. Na gaishe ta, ta amsa da hanci, ba ta ce in zauna ba. Na jawo kujera na zauna.

"Kin zo ba da haƙuri ne?" in ji ta.

"Na zo ba ki haƙuri a kan ɓacin ranki, kuma in gaya miki yarinyar nan ba ta san komai ba, uwarta ma haka. Amma na'urata lafiyarta ƙalau. Gilashin nan mutum ɗaya yake gani a lokaci guda. Rannan Zulai ya gani. Yau ke na kawo shi ya gani."

"Saa? Haka ne?" Ta ajiye wuƙar, ta kalle ni sama da ƙasa. Sai ta tashi ta shiga ɗaki. Na zauna har ƙafata ta yi sanyi, ban sani ba ko korata aka yi. Can sai ga ta cikin leshi ruwan gwal, da sarƙa da awarwaro, tana ƙamshi kamar za ta tari mahajjata. Ta ce a ɗauke ta a falo gaban talabijin. Na ce a'a, nan bakin ƙofar madafa, inda haske ke faɗowa ta gefe. Muka yi ta ja har ta gaji ta zauna, ta sandare, ta zaro ido kamar mai hoton fasfo. Aiki da gilashin Kawu ba a yinsa da gaggawa, kuma mutum ba ya iya sandarewa har abada. Ina murzawa ina tambayarta zanen kumatunta, wa ya yi mata. Ta ce kakarta, a wani ƙauye bakin kogi. Daga nan magana ta ɓalle. Ta ba ni labarin yadda aka kawo ta Kumasi tana amarya a gaban motar shanu, ba ta jin Hausa ba ta jin Twi, da yadda ta yi ta cewa baɗi za ta je gida, baɗi za ta je gida, har aka aiko mata uwarta ta rasu. Ta juya tana kallon ƙofar gida. Jan ya hau idonta ya zauna. Na danna.

Na juya mata bayan kyamarar ta gani. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan tsohuwar wace ce?"

"Ke ce, Hajiya."

"Wancan karon kin goge ni. Wannan karon kin fito mini da duk wata tamoji da Allah ya yi mini. Ke ba ki da tsaka-tsaki ne?"

Wallahi a nan na fara naɗe igiyar kyamarata. Na ce a raina, in narkar da ke ki yi fushi, in fito da ke ki yi fushi, to sai dai a nemo mai zane ya zana miki wadda kike so. Ina cikin haka Alhaji Mamudu ya shigo daga kara, da sandarsa da ƙurar shanu a riga. Ya leƙa ta kan kafaɗarta, ya cire tabarau, ya mayar.

"Fulera, wannan ai Innarki ce," in ji shi. "Haka take kallon ƙofa in an daɗe ba a dawo daga kiwo ba."

Ta karɓi kyamarar daga hannuna, ta matso da ita kusa da fuskarta. Sai ta ja gefen mayafi ta rufe ido. Da ta buɗe, ba ni ta kalla ba, ɗakin amarya ta kalla.

"Zulai! Kina ina ne? Uwarki ta zo tun ɗazu ba ki kawo mata ruwa ba?"

Yarinyar ta fito da gudu har tana tuntuɓe. Da zan tafi Hajiya ta ce in wanke mata biyu, ɗaya babba, ɗaya na aikawa gida, amma in ɗan rage tsufan. Na ce ba a ragewa. Ta ce dama ta ji an ce ina da taurin kai. Ta cika mini leda da wagashi.

A cikin trotro, kan hanyar dawowa, na yanke shawarar da kuke ta yi mini surutu a kanta. Na gama da biki. Ba fushi ba ne, ku ji da kyau. A wurin biki mutane suna son a ga kowa da komai, wa ya zo, me ya sa, me aka kawo, kuma suna da gaskiyarsu. Akwai masu filasai da janareta da za su yi musu wannan fiye da ni. Ni kuwa na ɗanɗana zama gaban fuska ɗaya har ta daina yi mini ƙarya, na kuma san ba zan koma ina ihun a matso a matso a cikin taro ba. Abin ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Wayata ta yi shiru. Yayi ya daina zuwa. Mata in sun gamu da ni a hanya sai su gaishe ni da irin muryar da ake yi wa mai takaba. Mafi ciwo, gari ya ɗauka wai Asabe ce ta kori ƙanwarta daga sana'a, Yaya kuma ta ɗauka na yi ne da gayya don in sa a zage ta. Na aika mata bayani, ta ce ba ta tambaya ba. Muka koma gaisuwar maƙwabta, sai a gidan rasuwa, "Ina gajiya," "Ba gajiya," kowa ya kama gabansa. Mu da muka tashi a kan tabarma ɗaya.

Hajiya Fulera ce ta fara turo mini tsofaffin Buokrom, ɗaya bayan ɗaya, kowace da fitinarta. Wannan ba ta iya zama ba ta gyaɗa kai ba. Waccan sai an sa keken ɗinkinta a ciki. Duk sai sun ce na tsufar da su, duk kuma sai sun dawo da ƙawayensu. Da su na ci gaba, a bakin tagar nan, har yau.

Da Zulai ta haihu, na je suna hannu rabbana, ba kyamara. Masu hoton da aka ɗauko suna ta walƙa wa mutane filashi a ido, ni kuwa na zauna a gefe ban san inda zan sa hannuwana ba. Sai na ga an dire kwanon tuwon zafi da miyar ayoyo a gabana. Yaya ce. Ta zauna da ƙyar, ta wanke hannu, ta sa a kwanon, ba ta kalle ni ba. Na sa nawa. Mun kusa rabi kafin ta yi magana.

"Ashe kina da bakin cin abinci. Tun muna 'yan mata ban taɓa ganin kin ci tuwon biki da zafinsa ba."

"Yaya, ki zo in ɗauke ki."

"Don ki fito mini da tsufa kamar Fulera? Allah ya kiyaye."

Ta turo mini tsokar da ke gefenta. Shi ke nan shirinmu, ba wanda ya ba wani haƙuri.

Yau ga shi kowace waya tana narkar da bayan mutum, ku da kanku kuna yi kuna turawa duniya, har jikokin Yaya, ba wanda aka ce ya yi asiri. Wannan ma na bar shi. Abin da ban bari ba shi ne har yanzu Yaya ba ta zauna mini ba. Ta fara dogara sanda, wani lokaci ta kira Safiya da sunan mahaifiyarmu. Ni ma jan nan da nake bi ya fara yi mini biyu-biyu in na daɗe ina leƙawa. Ku take jin maganarku, ba tawa ba. Saboda haka ku bar zancen wa ya fi wa taurin kai, ku san dabarar da za ku yi mata. Ku ce mata suna ake yi, ku ce mata Malam ne ke nemanta, ba ruwana. Ku dai kawo mini ita da hantsi, kuma kada wanda ya gaya mata ta yi kwalliya.